Idon Lambros da Gonar Tudu

Kato Melisi,
cikin azumin Ista.

Zuwa ga Yayana Anestis,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙanwarka Stamatia. Ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Pelagia da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka sauƙin gwiwar nan da ke damunka, Ya sa sanyin da ke shigo muku a Melbourne ya zo da sauƙi. Mu a nan sanyi ya janye, lemon tsakar gida ya yi fure har ƙamshinsa na shiga ɗaki. Mama tana nan da ƙarfinta gwargwado, ta riƙe azuminta kamar kowace shekara, ba nama ba madara, duk da limamin cocinmu ya ce mata shekarunta sun ɗauke mata wannan nauyi. Ta ce masa lokacin da ta fara azumi uwarsa ma ba ta yi aure ba. 'Yarmu Argiro tana Patra, tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya, takan zo mana ƙarshen mako idan ta samu sarari.

Yaya, ranar Lahadi da ka kira waya ka yi ta faɗa har ban samu inda zan sa baki ba. Ka ce labari ya iso maka cewa wata likita a Atina ta makantar da mijina Lambros da aikin gyaran ido na hasken leza, ka ce mu kai ta kotu, ka kuma ce ka hana 'yarka Marika yin nata aikin idon da ta daɗe tana buri. Na yi shiru ne saboda Mama na zaune kusa da ni, kuma akwai abin da ba na son faɗa a gabanta. Shi ya sa na zauna na rubuto maka, don ka ji yadda abin ya faru daga bakin wadda aka yi komai a gabanta. Labarin da ya ƙetare teku ya iso gare ka ya zubar da rabinsa a hanya.

Ka san Lambros da tabaransa tun muna yara. Tun yana ɗan firamare yake sanye da gilashin nan mai kauri, har ku da abokinsa Fotis kuka sa masa suna Farfesa, alhali ko aji bai cika zama ba. Yakan yi dariya, amma abin yana cinsa a rai. A gidan matse man zaitun, tururi ya rufe gilashin. A kan tsani, gumi ya zame da shi zuwa ƙarshen hanci. Bara da rani muka je wanka bakin teku, ya cire tabarau ya shiga ruwa, da ya fito sai ya je ya zauna kan tawul ɗin wata mata baƙuwa yana tambayarta ina ta ajiye kankana. Mijin matar bai ga abin dariya ba. Fotis kuwa ya samu na yi har wata guda, duk wanda ya shigo shagon gahawa sai ya ba shi labari, yana ƙarawa da cewa Farfesa ya san abin da yake yi sarai, matar ta fi Stamatia tsawo. Shi Fotis shekara uku ke nan da yin nasa aikin idon, ya wurgar da tabarau, bai taɓa kukan komai ba. Kullum yana ce wa Lambros, mutumina, abin bai kai cire haƙori ba, ka kwanta da makanta ka tashi kana ƙirga gashin gemun maƙwabci.

Daga ƙarshe Lambros ya nemi a yi masa aikin a Atina. An ba shi rana a watan Satumba, amma da likitar ta auna sai ta ce idanunsa sun bushe da yawa, ya je ya yi ta ɗiga magani tukuna. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka ba mai gaggawar yanka mutane ba ce. Da aka sake kiransa, Nuwamba ta riga ta kama, zaitun ya soma nuna. Ni na raka shi. Mace ce mai 'yan shekaru, ba ta da yawan fara'a, amma ba ta ɓoye mana komai ba. Ta bayyana mana cewa za ta ɗaga wani siririn tantani daga gaban idon kamar murfi, ta gyara abin da ke ƙarƙashinsa da haske, sannan ta mayar da murfin ba tare da ɗinki ba, shi da kansa zai kama a hankali. Ta ce cikin mutum ɗari da ake yi wa, fiye da casa'in suna fita da ganin da suke so. Lambros ya ce ai ko auren da ya yi ba a ba shi irin wannan tabbacin ba. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ragowar 'yan kaɗan ɗin su ma mutane ne da suka zauna a kujerar da yake zaune: akwai wanda idonsa ke bushewa har tsawon shekaru, akwai mai ganin fitilu da zobe kewaye da su, akwai wanda sai an sake taɓa masa. Ta ce nata aikin na 'yan mintuna ne, nasa kuwa na makonni ne, kuma nasa ya fi nata wuya: ba murza ido, ba ƙura, ba ruwan teku, ba inda wani abu zai bugi fuska.

Daga nan ta dubi hannuwansa ta tambaye shi wane aiki yake yi. Ya ce manomin zaitun ne. Ta ajiye alƙalami ta ce to ya koma gida, ya dawo bayan Kirsimeti idan an gama girbi. Ya ce mata ai shi bana ko reshe ɗaya ba zai taɓa ba, ya riga ya ɗauki 'yan ƙwadago, shi nasa zama ne a gida. Ta juyo ta dube ni, na ce haka ne. Kuma a ranar gaskiya ne, Yaya, mun yi magana da mutum biyar, sun yi mana alkawari.

An yi aikin lafiya. Ba zan manta hanyar dawowarmu ba washegari, bayan ta duba shi ta sallame mu. Argiro ke tuƙi, shi yana gaba yana karanta mana duk allon da muka wuce da ƙarfi kamar ɗan aji ɗaya. Da muka iso gida ya tsaya a ƙofa yana kallon dutse, ya ce shekara hamsin yana garin nan bai san ana hango ƙararrawar ƙaramin cocin can daga nan ba. Ya dube ni ya ce, ashe ke ma kin tsufa ba a gaya mini ba. Ranar ce ya kira ka yana ta cika baki, har Marika ta karɓi waya tana yi masa tambayoyi. Kwanakin farko ya bi doka ƙwarai. Yana ɗiga magani a kan lokaci, yana kwana da murfin roba a idanunsa, ko shagon gahawa bai je ba saboda hayaƙin taba.

Sai 'yan ƙwadago suka aiko cewa wani mai babbar gona ya riƙe su, sai mako mai zuwa. A ranar kuma rediyo ta ce guguwa na tafe da ƙanƙara. Ka san bana gonar tudu ta yi 'ya'yan da ba ta taɓa yi ba tun rasuwar Baba, rassa har ƙasa. Lambros ya kasa zama. Ya fita tsakar gida ya dubi sama, ya shigo, ya sake fita. Na ce masa zaitun ya zube in zai zube, badi ma shekara ce. Ya ce wannan gonar ba tasa ba ce balle ya yi asararta yadda ya ga dama, amanar Baba ce, rabinta kuma na Anestis ne. Ban rubuta wannan don ka ji wani nauyi ba, ba ka taɓa matsa masa ba ko sau ɗaya. Shi ne ya ɗauki abin haka tun ranar da ya auro ni, kullum yana son a ce gonar surukai ta fi kyau a hannunsa. Fotis da surukinsa suka ce za su taimaka, ni da Mama muka shimfiɗa raga a gindin itatuwa. Lambros ya ce zai zo ya tsaya daga nesa kawai ya nuna musu inda za su fara. Ya sa tabaran kariya da likita ta ba shi.

Tsayuwar nesa ba ta kai azahar ba. Ya ga surukin Fotis yana dukan reshe ba yadda ya kamata ba, ya ce ba ni nan ka gani. Daga nuni sai aiki. Gumi ya sa tabaran kariyar ya yi hazo, ya ture shi zuwa goshi yana cewa bai rabu da wani gilashi don ya ɗauki wani ba. Ina can ƙasa ina tara raga na ji ya yi wani ɗan ƙara, ba mai yawa ba. Ya janyo reshe ne ya kuɓuce masa, ya dawo ya shauɗe shi a idon dama. Ya dafe wurin ya murza da bayan hannu, hannun da ke cike da ƙura. Na ce mu tafi Atina yanzu-yanzu. Ya ce ba komai ba ne, hawaye ne kawai, kuma da wane ido zai kalli matar nan bayan ya yi mata alkawari a gabana. Ya ce in an gama gonar zai je.

Abin da ban so faɗa a gaban Mama ba shi ne wannan. Da yamma ta dafa masa ruwan furen kamomil, irin wanda take wanke mana ido da shi muna yara, ta jiƙa auduga ta ɗora masa. Ta yi ne da zuciya ɗaya. Ya ce ya ji daɗi, washegari ya ɗaure idon da ƙyalle ya koma gona, jibi ma haka. Mun kwashe zaitun kafin guguwar ta iso, ta zo kuma ta yi ɓarna a gonakin wasu. A gidan matse mai kowa na yaba masa, yana tsaye da ido ɗaya yana amsa gaisuwa. Ranar Asabar Argiro ta zo, ta kwance ƙyallen a bakin ƙofa inda haske yake. Ban taɓa ganin fuskar yarinyar nan ta canza haka ba. Idon ya yi ja wur, ga wani farin ɗigo a tsakiyar baƙin. Ba ta yi masa gardama ba, ta ce Baba ɗauko rigarka, ta riga shi shiga mota.

Duk hanya yana shirya abin da zai ce idan likita ta hau shi da faɗa. Ba ta yi faɗan ba, kuma ina ganin wannan ya fi yi masa ciwo. Ta daɗe tana duba idon a na'ura, sannan ta ce murfin ya goce ya naɗe, ƙwayar cuta ta shiga ƙarƙashinsa ta zauna. Ya tambaye ta da ya zo ranar da abin ya faru fa. Ta ce da ta wanke ta shimfiɗa shi, da wuya ya rasa wani abu. Argiro ta tambaye ta batun kamomil, ta ce ba za ta iya cewa daga ƙura ne ko daga auduga ba, kuma sanin ba zai ƙara masa gani ba. Muka zauna Atina gidan 'yar gwaggonmu kusan mako biyu, ana ɗiga masa magani kowace awa, ni da Argiro muna karɓa-karɓa. An kashe cutar, an ceci ƙwayar idon, amma ta bar tabo daidai inda haske ke shiga. Yanzu da idon dama yana ganin haske da inuwar mutum, kamar ta gilashin tagar banɗaki. An sa sunansa cikin masu jiran dashen tantani, ba a faɗa mana yaushe ba, kuma likitar ta ce ko an yi kada mu sa rai ganin zai dawo duka.

Na hagu kuwa yana gani garau, Yaya. Yakan rufe na dama da hannu ya daɗe yana duban dutse. Wata rana ya ce mini da aikin ya lalace gaba ɗaya da ya fi masa sauƙi, da ya samu wanda zai zaga. Kada kuma ka ɗauka ina cewa duk wanda ya samu matsala shi ya jawo wa kansa. A ɗakin jira na saba da wata malamar makaranta daga Tripoli wadda ta bi kowace doka, ko tsinke bai taɓa idonta ba, amma shekara ta zagayo idanunta na yi mata zafi kamar an zuba yashi, kwalbar magani ba ta barin jakarta. Ita ce irin ragowar da likita ta faɗa mana. Shi ma Lambros idonsa mai kyau yana ganin zobe a jikin fitilun mota idan rana ta faɗi.

Da muka dawo, mun tarar gari ya riga ya yanke hukunci: likitocin Atina sun lalata idon Farfesa. Lambros bai ƙaryata ba. Ana zuwa jaje ana tsine wa matar, yana kallon ƙasa. Wani lauya ɗan uwan matar mai gidan burodi ya zo har gida da kwalin alewa, ya ce idan Lambros zai ce ba a yi masa gargaɗi sosai ba, shi ya san yadda zai yi da sauran. Lambros ya ce zai yi tunani. A cikin waɗannan makonnin ne labarin ya kamo hanya zuwa gare ku. Na ƙyale shi, domin mutumin da ke zuba gahawa a gefen kofi kowace safiya ba ya buƙatar matarsa ta ƙara masa da wa'azi. Fotis kuma ya daina zuwa gidanmu. Yana ganin shi ne ya zuga Lambros yin aikin, shi ne kuma ya tsaya yana kallo har Lambros ya hau itace.

Ranar da ya fara komawa shagon gahawa ban je ba, Fotis ne ya ba ni labari daga baya. Ya ce ana cikin hira wani tsoho ya ce wa jikansa, wanda ke son yin aikin don shiga makarantar jiragen ruwa, ya dubi Lambros ya ɗauki darasi, likitocin nan mahauta ne kawai da farar riga. Sai Lambros ya ce a'a, Kawu, kada ka ɗauki alhakin baiwar Allah. Ya ce matar ta ce ya koma sai bayan girbi ya ƙi, ta ba shi tabaran kariya ya sa a goshi, reshe ya buge shi ya yi kwanaki yana ɓoyewa kamar yaron da ya fasa tulu. Ya ce goshinsa dai ko ƙwarzane bai yi ba, tabaran ya yi aikinsa. Fotis ya ce ba wanda ya yi dariya sai shi Lambros ɗin. Da ya tashi tafiya ya ce wa Fotis, kai kuma tashi ka raka makaho gida, tunda ka daina gaisuwa. Washegari ya aika aka mayar wa lauya alewarsa, sai dai Mama ta riga ta ci rabi.

Don haka maganar kotu ka bar ta, don Allah. Marika kuma ba yarinya ba ce. Ban ce ta yi ba, ban ce ta bari ba. Ka bar ta ta je a auna ta, ta tambayi abin da zai iya lalacewa, ba abin da zai yi kyau kaɗai ba, ta faɗa wa likita gaskiyar aikinta da halinta. Idan ta san ba za ta iya zama wuri ɗaya ba na 'yan makonni, kamar yadda na san jinin gidanmu, to ta jira lokacin da za ta iya. Lambros ya ce ta kira shi, shi zai gaya mata da bakinsa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta fi yi mini nauyi. A watan jiya lokacin sassabe rassa ya yi, ya ɗauki zarto ya hau tudu. Mai ido ɗaya ba ya gane nisa, abin da ba mu sani ba sai da ya same mu. Ya miƙa hannu zai kama reshe ya kama iska, saura kaɗan ya faɗo daga tsani, zarton ya yanke shi a babban yatsa. Na same shi zaune a gindin itacen nan da Baba ya dasa shekarar da aka haife ka, ya naɗe yatsan da gefen riga. Ya ce in rubuta maka in ce ba zai iya riƙe gonar tudu ba, aƙalla sai an ga yadda dashen zai kasance. Surukin Fotis ya yarda zai kula da ita a raba mai. Yaro ne mai hankali, Lambros zai riƙa nuna masa daga ƙasa. Ba za mu ba shi amsa ba sai mun ji daga gare ka, tunda rabinta naka ne. Idan ka kira, ka yi masa maganar kamar shawara kake nema, kada ka yi masa jaje. Mama ma ka kira ta daban. Ba wanda ya gaya mata komai, amma bana ba ta tsinko kamomil ko ɗaya ba, kuma duk inda Lambros ya zauna sai ta tura masa abincin da ya fi kyau ba ta kallon fuskarsa.

Shekara talatin in za mu coci ina tafiya ta hagunsa, ban san dalili ba, haka muka saba. Yanzu na koma damansa, saboda ta nan ne babur ko gefen bango ke zuwa masa ba ya gani. Ban gaya masa ba, shi ma bai tambaya ba. Lahadin da ta wuce na tsaya gaisawa da wata, na manta na biyo ta tsohon gefena. Ya yi 'yan taku ya tsaya a tsakiyar hanya, har sai da na zagayo damansa.

Ka gaishe mini da Yaya Pelagia, ka ce mata irin tumatir da ta aiko ya tsiro. Ka gaida Marika da mijinta Thanasis da ƙaramin ɗansu Sotiris da har yau ban ɗauke shi a hannuna ba. Ka gaida Kawu Haris idan kun haɗu a coci. Mama tana sa muku albarka, Argiro tana gaida kawunta. Lambros yana gaishe ka, ya ce ka yi haƙuri. Allah Ya kai mu Ista da rai da lafiya, Ya haɗa fuskokinmu kafin mu ƙara tsufa.

Ƙanwarka da ke kewarka,
Stamatia